Ruwa Ba Ya Tsami Banza



Da farko muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama, alhali kuwa ga waɗanda suka girme mu a shekaru da karatu suna zaune a zauren nan. Batun da aka ɗora mana shi ne ƙoƙarin da gwamnatoci ke yi na hana taki ɓata ruwan manyan tafkuna. Mun san wasu sun yi murmushi da suka ga kan maganar a allon sanarwa. Wani abokinmu ma cewa ya yi, mutumin da mahaifinsa ke yawon neman rancen kuɗin buhu guda na kamfa, ina shi ina kukan taki ya yi yawa? Tambayarsa tana kan hanya, kuma ita za mu yi ƙoƙarin amsawa a yau.

Mu dai 'yan Sakajiki ne, a ƙasar Ƙaura Namoda. Duk wanda ya tashi a wajenmu, ko a Zurmi, ko a Shinkafi, ya san kamannin ruwan sama na farko mai ƙarfi. Kafin hadari ya gama wucewa sai ka ga ruwa ja wur yana gudu a tsakanin kunya, ya tsallake iyakar gona, ya bi hanyar shanu, ya faɗa kwari, ɗauke da kara da kashin awaki da leda da duk abin da rani ya tara. Muna yara mukan bi shi da gudu har inda iyaye suka hana. Ba mu taɓa tambayar inda yake kwana ba.

Ga inda yake kwana. Gulbin Gagare ya ratsa ta Ƙaura Namoda ya yi arewa. Gulbin Bunsuru ya fito daga ƙasar Katsina ya biyo ta Zurmi. Su biyun suna haɗuwa a yankin Shinkafi da Isa, sa'an nan Gulbin Maraɗi, wanda ya faro daga Katsina, ya shiga Jamhuriyar Nijar ya sake dawowa, ya same su a wajen Sabon Birni. Wannan haɗaka ita ce Rima. Gaba kaɗan sai madatsar Goronyo ta tare ta, wadda aka gama ginawa a 1984, aka kuma tsara ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Abin da aka saki daga nan shi ne mutanen birnin Sakkwato ke sha, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa Kwara, ya ƙare a tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an datse kogin a 1968. Watau dukkan ƙasar nan tamu kamar ƙatuwar ƙwarya take. Mu muna zaune a gefenta, tafkunan suna gindi, kuma duk abin da ya kuɓuce mana can zai gangara. Irin wannan ƙasa, wadda ruwanta duka ke zuba wuri guda, ita za mu riƙa kira makwarara a cikin jawabin nan.

Yanzu bari mu ga abin da taki ke yi wa ruwa. Kowane tsiro yana bukatar manyan abinci uku, naitirojin da fosfaras da fotashiyam, su ne haruffa ukun nan da ke jikin buhun kamfa. Yuriya naitirojin ce, kashi 46 cikin ɗari na nauyinta. Sufa kuwa fosfaras take bayarwa. Kashin shanu da toka da bayan gida da ruwan wanki da jinin mahauta duk suna ɗauke da rabonsu. To, abin da ke sa gero ya yi baƙi a gona ya cika ido, shi ne ke sa gansakuka ta yi ƙiba a ruwa. In abinci ya yi mata yawa sai ta hayayyafa ta rufe fuskar ruwa, hasken rana ya kasa shiga. In ta mutu ta nutse, ƙananan halittun da ke ruɓar da ita su shanye iskar oksijin da kifi ke rayuwa da ita. Shi ya sa akan wayi gari a ga kifaye sun taso ciki sama, gama da goshin asuba ne iskar ta fi ƙaranci. Har ila yau akwai irin gansakukar da ke fitar da dafi mai lalata hanta, ga mutum da dabba, kuma tafasa ruwan ba ta kashe shi. Kowa a nan ya taɓa ganin kududdufin bayan gari ya yi kore shar da rani yana ɗoyi. Babban tafki ma haka yake yi, sai dai nasa ciwon yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana, ya kuma ɗauki fiye da haka kafin ya warke.

Akwai wani abu guda da muke roƙon a riƙe, domin komai zai rataya a kansa. Naitirojin yana narkewa ya bi ruwa. Fosfaras kuwa manne wa ƙwayar ƙasa yake yi, yawancinsa da laka yake tafiya. Inda laka ta kwanta nan yake kwanciya, ya yi shekaru a gindin tafki, ya riƙa fitowa kaɗan kaɗan ko da an daina zuba sabo. A tafkunan ruwan daɗi kuwa yawanci fosfaras ne mabuɗin ɓarna. Wani masani ɗan Kanada, David Schindler, ya nuna haka ƙuru-ƙuru a 1973. Ya raba wani ƙaramin tafki biyu da labule a lardin Ontariyo, ya zuba naitirojin a ɓangarorin duka, ya ƙara fosfaras a guda. Ɓangaren da ya sami fosfaras ya koma kore kamar miyar kuka, ɗayan kuwa ya zauna garau. Hoton wannan tafki ya yi aikin da littattafai da dama suka kasa yi wajen gamsar da 'yan majalisa.

Abin da ya sa ake bukatar gamsar da su shi ne halin da tafkin Iri ya shiga. Wannan tafki yana tsakanin Amurka da Kanada, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 25,000, watau ya ninka Kainji wajen sau ashirin. A shekarun 1960 ya lalace har jaridu suna cewa ya mutu. A watan Afrilu na 1972 Shugaba Nixon da Firayim Minista Trudeau suka sa hannu a yarjejeniyar tsabtace manyan tafkunan. Aka kashe kuɗi masu yawa wajen gyara wuraren tace ƙazantar birane, aka ƙayyade yawan fosfaras da za su saki, aka rage shi a cikin garin sabulun wanki. Kafin shekarun 1980 su ƙare tafkin ya farfaɗo, kifi ya dawo, kowa ya ce an gama.

Ashe ba a gama ba. Daga tsakiyar shekarun 1990 koren ya fara dawowa, wannan karon daga gonakin masara da waken suya da gidajen kiwo da ke makwararar kogin Momi. A watan Agusta na 2014 dafin gansakuka ya shiga ruwan famfon birnin Toledo, aka hana mutum wajen 400,000 shan ruwan gidajensu har kusan kwana uku, a ƙasar da ta fi kowace dukiya. Jihar Ohayo ta yi doka a 2015 ta hana watsa taki a kan ƙasar da ta daskare ko ta jiƙe sharkaf a wannan yanki. A 2016 ƙasashen biyu suka amince a rage fosfaras mai shiga tafkin da kashi 40 cikin ɗari. A 2019 jihar ta ƙaddamar da shirin biyan manoma kuɗi domin su gwada ƙasarsu kafin su sa taki, su binne shi maimakon watsawa, su shuka ciyawar rufe ƙasa bayan girbi. Duk da haka tafkin bai daina yin kore a lokacin zafi ba. Darasin a fili yake. Toshe bakin bututu abu ne mai sauƙi, domin bututu yana da mai shi, ana iya kai shi kotu. Amma ƙazantar da ke tsattsafowa daga gonaki dubu, kowace da ɗan nata, ba ta da wuyan da za a kama.

To, mu dawo gida, mu amsa wa abokinmu. Gaskiya ya faɗa, gonakinmu yunwa suke ji. Lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006 kan batun taki, manomin nahiyar nan kilo 8 kacal yake sa wa kadada guda, suka yi alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015. A 2020 Nijeriya tana wajen kilo 20, alhali matsakaicin duniya ya haura kilo 100. Saboda haka duk wanda ya zo Sakajiki ya ce wa manomi ya rage taki, ya cancanci a yi masa dariya. Ciwonmu daban ne. Ɗan abin da muke da shi ne ba ya zama inda aka sa shi. Jan ruwan nan da muke bi da gudu muna yara, fatar gonar iyayenmu ce, ita ce ƙasar sama mai albarka, da fosfaras ɗinta a manne. Manomi ya yi asara a tudu, masunci da mai shan ruwa su yi asara a kwari, duk a ruwan sama guda.

Ku dubi yadda abin ke faruwa. Mutum ya sayar da akuya ya sayi tiya biyar ta yuriya, ya watsa a saman ƙasa da hantsi, da la'asar hadari ya haɗo. Rabin kuɗin akuyar ya kama hanyar Goronyo. Takin gwamnati mai rahusa kuwa, sau nawa muka ga ya iso ƙauye bayan gero ya kai ƙugu, a tsakiyar Agusta, lokacin da ruwa ya fi duka? A fadama kuma, tun da injin ban ruwa ya wadata a ƙarƙashin shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990, ana noman shinkafa da albasa da tumatir har bakin gaɓa. Nan ne ake zuba taki da hannu biyu, domin kayan lambu suna biya, kuma babu ko taku goma na ciyawa tsakanin fangali da gulbi. Ba mu ga laifin mai lambu ba. Wanda ya gaji kadada rabi ba zai bar kwatarta ga gamba ba don kifin da bai taɓa gani ba.

Sai garuruwa. Ƙaura Namoda ta girma tun da jirgin ƙasa ya iso ta a 1929, Shinkafi kuwa kasuwarta ta dabbobi sananniya ce har Nijar. Amma kwatamin gari da ruwan mahauta da shara duk kwari suke bi, babu inda ake tace su. Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya je Kano ya dubi Jakara, wadda ke kwasar ƙazantar birni da ta masana'antun Bompai ta kai madatsar Wasai.

Abin takaici shi ne kakanninmu sun riga sun warware wannan matsala ba tare da sun san sunanta ba. Da rani ana kwashe bola da turken dabbobi, a loda wa jaki a mangala, a kai gona a jibge tsibi tsibi. Bayan girbi kuma manomi yakan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa da shanu, ya ba shi damin gero ko dawa, shanu su ci kara su bar taki. Abin da ya fito daga gona yana komawa gona, gulbi ba ya samun komai sai ragowa. Yau bola ta cika da leda, manomi yana ƙyamar ta. Amanar da ke tsakanin manomi da makiyayi kuwa, kun fi mu sanin abin da ya same ta a Zurmi da Shinkafi da Ƙaura tun wajen 2011. Ana lissafin rayuka da shanu da ƙauyukan da aka tasa, kuma daidai ne a fara da su. Amma akwai asarar da ba ta shiga lissafi, ita ce ta takin da ya daina sauka a gona, yana taruwa a mashaya da bakin gulbi, ruwan farko ya share shi.

Kada wani ya ce wannan hasashen 'yan makaranta ne. Alamun ciwon sun bayyana a maƙwabta. Wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Amurka ta Kudu, ta shigo ruwan Legas a 1984, ta kuma bayyana a Kainji a ƙarshen shekarun 1980, ta biyo Kwara daga sama. Tana son ruwa mai taki, takan ninka kanta cikin mako biyu, ta toshe mashigar jirage, ta yaga koma. Sai da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, da taimakon Jamusawa, ta haɗa masunta suna kwashe ta da hannu, aka kuma saki wasu ƙwari masu cin ta. A gabas kuwa, bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani kamar da, laka ta kwanta, ciyawar kacalla, wadda wasu ke kira shalla, ta mamaye fadamun Haɗeja da Nguru. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki mai cinye shinkafa. Babban dalilinta canjin tafiyar ruwa ne, amma laka mai taki ita ce shimfiɗarta. Goronyo kanta ta ba mu gargaɗi a 2018, sa'ad da ruwanta ya sauka zuwa kimanin kashi 10 cikin ɗari na abin da aka gina ta ta riƙe. Hukuma ta ambaci ƙarancin damina, ta kuma ambaci cikewar gindin madatsar da yashi da laka. Lakar nan daga gonakin wa ta fito?

Yanzu sai mu tambaya, me gwamnati ta yi? In aka bi takarda, ta yi da yawa. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima tare da ta Tafkin Chadi, su ne na farko a ƙasar nan, a 1976 aka mai da irinsu goma sha ɗaya. Bayan an jibge guba daga Italiya a garin Koko a 1988, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wadda ta fitar da ƙa'idojin ruwan masana'antu a 1991. A 2007 hukumar NESREA ta gaje ta wajen tilasta bin doka, a 2009 ta fitar da ƙa'idoji kan fadamu da gaɓar koguna da tafkuna, da wasu kan makwararar ruwa, a 2011 kuma kan ingancin ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa. Da Nijar ma akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwan da muka yi tarayya, har da Gulbin Maraɗi. Shirin TRIMING, da rancen Bankin Duniya na 2014, ya yashe magudanan ban ruwa a Bakolori da Kano da Haɗeja.

Ba mu raina ko ɗaya daga ciki ba. Amma mu faɗi gaskiya, mu da muka girma a bakin Gagare ba mu taɓa ganin ma'aikaci ya zo da kwalba ya ɗebi ruwa domin gwaji ba. Dokokin nan da bakin bututu aka rubuta su a zuci, mu kuwa ba mu da bututu. Hukumomin koguna da yawan madatsu da kadadar ban ruwa ake auna ƙwazonsu, ba a tambayar su halin da tudun da ke ciyar da madatsun yake ciki. Ma'aikatar Gona tana raba taki, Ma'aikatar Ruwa tana tsaron dam, Ma'aikatar Muhalli tana dasa itace ranar biki, kowace da fayil ɗinta. Ƙari a kan haka, makwararar Rima ta ratsa Katsina da Zamfara da Sakkwato da Kebbi da jihar Maraɗi. Gwamnan da zai kashe kuɗi a Zurmi, amfanin a famfon Sakkwato zai fito, inda ba a jefa masa ƙuri'a. Sai kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido.

Shirin da muka ga ya fara kallon abin ta fuskar da ta dace shi ne ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 da dala miliyan 700, domin jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da kadada miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. An tsara shi bisa makwararar ruwa, kuma wannan ci gaba ne. Sai dai rance ne, mu da ke zaune a nan za mu biya, don haka muna da hakkin tambaya. Tambayarmu ita ce, malamin gona da ba ya iya kwana a ƙauye saboda tsoro, ta yaya zai kai shirin inda ƙasa ke zaizayewa? In ba a yi hattara ba, aikin zai taru a gefen kwalta inda mota mai tuta ke iya zuwa.

Wani kuma zai ce a yi doka mai tsanani a hana noma a bakin gulbi. Muna tuna masa da Bakolori. An gama madatsar a 1978 a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka karɓe gonaki, diyya ta yi gardama, manoma suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane masu yawa. Duk wani aikin ruwa da ya zo wa talakan Zamfara da kulki, da wannan tarihi zai ci karo. In Amurka da ƙarfinta ta ga tilas ta biya manomi kafin ya canza hannu, mu ba mu da wata gajeriyar hanya.

Abin farin ciki shi ne ba sai mun je Ohayo neman magani ba, yana nan a saman ƙwaryarmu. A ƙasar Maraɗi, bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoma suka koma barin tohon kututture a gona, su zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi su sare sauran, su yi ta renon su har su zama itace. Suna kiran wannan sassaben zamani. Wani ma'aikaci ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗa shi tun 1983, gwamnati kuma daga baya ta sassauta dokar daji har manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne. Binciken da aka yi da hotunan sama ya nuna kadada wajen miliyan 5 ta sake yin itace a kudancin Nijar. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya koma gonaki. A jihar Tawa suna haƙa tassa da rabin wata, ruwa ya tsaya a rami da takinsa. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai kuma sun nuna cewa cikin murfin kwalbar lemo na taki, in aka binne shi a gindin shuka, yana ƙara amfani sosai da kuɗi kaɗan. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya yi don tafki. Don rumbunsa ya yi. Amma ƙasar da ta zauna a gona ba ta zuwa Goronyo, kuma a nan ne bukatar manomi da ta mai shan ruwa suka zama ɗaya. Mutanen nan harshenmu ɗaya, muna cin kasuwa tare, tafiyar yini guda ce.

Saboda haka ga abin da muke nema daga 'yan'uwanmu da suka riga mu kama aiki. Wanda ke Ma'aikatar Gona ya yi faɗa a ofis domin taki ya isa ƙauye kafin watan Yuni, ya kuma sa a koya wa manomi binnewa. Wanda ke kusa da masu tsara kasafi ya kawo shawarar a biya mai lambu haya a kan 'yar ƙasar bakin gaɓa, ya shuka gamba da jema, waɗanda saiwarsu ke riƙe ƙasa, karansu kuma yana da kasuwa wajen zana da jinka. Kuɗin wannan haya bai kai na yashe dam ba. Wanda ke ƙaramar hukuma ya tuna da aikin duba-gari, ya ware wuri kusa da mahauta da kasuwar dabbobi inda za a tara taki a tsince leda a sayar wa manoma, kamar yadda jakuna ke yi a da ba tare da takardar kwangila ba. Ga hukumar koguna kuwa, roƙonmu ƙarami ne, ta riƙa auna fosfaras da laka a Gagare da Bunsuru da bakin Goronyo kowace damina, ta buga sakamakon inda kowa zai gani. A 2010 sai da ɗaruruwan yara suka mutu da gubar dalma a Anka da Bukkuyum kafin a zo da na'urar gwada ƙasa. Ba ma so a jira irin wannan a ruwa.

Mu ɗalibai ma akwai namu, kuma ba ya bukatar rancen kowa. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, da Jami'ar Tarayya a Gusau, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kowace shekara ana neman batun binciken ajin ƙarshe ana maimaita na bara. Farin faranti da aka ɗaure da igiya aka zura a tafki, zurfin da ya ɓace wa ido yana nuna yadda ruwan ya gurɓace, kuma da irin wannan masana ke aiki a ko'ina cikin duniya. Mafi sauƙi ma shi ne kwalba. Hutun damina yana tafe. Muna roƙon kowane ɗan ƙungiyar nan da zai iya isa gida lafiya ya cika kwalbar lita guda da ruwan kwarin garinsu a ranar ruwan farko mai ƙarfi, ya sake cika wata a Agusta, ya rubuta sunan gari da kwanan wata a jiki, ya ajiye ta kwana biyu, ya auna kaurin lakar da ta kwanta da rula. In mun dawo sai mu jera kwalaben a teburin nan, daga Zurmi har Argungu, mu roƙi malamanmu na sashen kimiyyar ƙasa su gwada mana abin da ke ciki, mu kai wa hukuma da hannunmu. Sakataren ƙungiya yana bakin ƙofa da takarda, wanda ya yarda ya rubuta sunansa da na gulbin garinsu kafin ya fita.